Yafiyar da Takwara Ta Riƙe

Ni dai tun farko ban ƙaunaci katun ɗin nan na Japanawa ba. Mutane da idanu kamar faranti, gashi shuɗi ko ja, magana kaɗan sai ihu. Amma 'yata ta fari, wadda aka haifa a nan Riyad, in ta dawo daga makaranta ko abaya ba ta cirewa sai ta rarumi tabilet ta hau kallo. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka bakina ba ya iya kiran sunan, Takwara muke ce mata, har babanta. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin. Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausa kuwa sai a hankali.

A shekarar ne Inna, mahaifiyata, ta zo umara daga Zariya, ta biyo ta gidanmu a unguwar Shifa ta yi mana wata biyu. Washegarin isowarta ta buɗe jaka ta fito da farin yadi a cikin leda, da sauran danshinsa. A Makka ta jiƙa shi da ruwan zamzam, bai gama bushewa ba aka taso. Mu a wurinmu wannan ba abin magana ba ne. Tsofaffinmu sukan tanadi likkafaninsu, su wanke da zamzam, su ajiye a ƙasan akwati, su ci gaba da cin tuwonsu. Ta kira Takwara ta kama mata, suka hau saman bene suka shanya. Da ranar Riyad kuwa, kafin azahar ya bushe ƙarau.

Suna ninkewa yarinyar ta ce, "Inna, wannan na mene ne?"

"Kayan tafiyata ne, takwara. Likkafani."

Ba ta san kalmar ba, sai ta dube ni. Ina kwashe tawa shanyar, ko juyowa ban yi ba na jefa mata da Larabci: kafan. Ban ga fuskarta ba. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Abin mamaki, Inna ta zama abokiyar kallonta. Kullum bayan la'asar suna kan kafet, tsohuwa da goronta, yarinya tana yi mata fassara da guntuwar Hausarta. Labarin wata 'yar makaranta ne da aka bai wa ido mai ganin wani zare a ƙeyar kowane mutum, miƙe zuwa sama. In ajali ya matso, zaren sai ya yi ta sirancewa har ya tsinke. Tana gani, ba ta da ikon hanawa. Ƙa'ida ɗaya ce a ciki: in akwai mai rai da ke da wata magana da mutum wadda ba a rufe ba, zaren yakan riƙe.

Daga kicin na ɗaga murya na ce, "Wannan ai saɓo ne. Gaibu sai Allah. Ku kashe abin nan."

Inna ta ce, "Ke rabu da mu. Tatsuniya ce, ke ba a yi miki ba?" Ta koma kan allon tana girgiza kai. "Allah sarki baiwar Allah, an ɗora mata kaya. Ta je kasuwa ta ga zaren mai tumatir, ina ita ina barci?"

Ranar komawarta, matan 'yan garinmu biyu suka zo daga unguwar Jaradiya yi mata sallama. Aka ci aka sha, aka ɗaure kaya. Sai Inna ta yi abin da kowane babba yake yi a wurinmu in zai yi tafiya mai nisa, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara. Ta ce wa maigidana ya yafe mata, ya durƙusa ya ce ba ta yi masa komai ba, shi ma ta yafe masa. Ta ce min, na amsa ina share ido. Ta juya ta kama hannun jikarta.

"Takwara, zaman tare sai da saɓani. In na yi miki wani abu, ki yafe ni."

Yarinyar nan ta dubi tsabar idon uwata ta ce, "Ban yafe ba."

Tun da na haife ta ban taɓa jin Hausa ta fita a bakinta tsaf irin ta ranar ba. Baƙin nan suka sunkuyar da kai. Na ce ta maimaita in ta isa. Ta maimaita. Ba don Inna ta shiga tsakani ba, wallahi da ranar ta sha mari. Tsohuwar ta mai da abin wasa, ta ce, "To ki riƙe abinki, ja'ira, zan aiko a karɓa." Amma a filin jirgi, da za ta shige, sai ta jawo ni gefe ta yi ƙasa da murya.

"Ke, me na yi wa yarinyar nan?"

Na ce ba komai, rashin kunya ne kawai irin na 'ya'yan da suka tashi a waje. Ta gyaɗa kai, amma na san uwata, ba ta gamsu ba. Da wannan tambayar ta hau jirgi.

Muna dawowa na ƙwace tabilet ɗin na cilla saman kabad. Na yi faɗa har muryata ta dushe, babanta ya yi nasiha, duk a banza. In an tambaye ta dalili sai ta yi ƙasa da kai. Ran Juma'a in mun kira gida takan yi hira da Inna lafiya lau, har da dariya, amma da tsohuwar ta ce, "To yau fa, an yafe min?" sai ta miƙa min wayar ta shige ɗaki. Na yanke a raina taurin kai ne, na ce ai gado ne daga dangin ubanta.

Wata biyar bayan haka ciwo ya kwantar da Inna. Yayana, wanda take hannunsa, ya ce likitoci sun ce ba abin aiki ba ne, sai dai lallaɓawa. Ni kuma ga tsohon ciki, likita ta hana ni hawa jirgi. Sai kallon uwata a waya, kullum tana ƙara ƙanƙancewa a kan gado. Abinci ba ya zama, barci ba ya samuwa. Wata rana muna magana ciwon ya murɗa mata, ta yi wani nishi da ban taɓa jin irinsa ba, yayana ya yi sauri ya kashe. Ashe Takwara tana bakin ƙofa.

Da rana tsaka ne, ina tsaye gaban tukunya ina kuka. Ta shigo ta tsaya a bayana, ta fara magana da Larabci da sauri kamar ana korarta. Ta ce tun ranar da suka ninke yadin ta gane Inna ta ga zarenta, in ba haka ba wa zai sayi likkafaninsa da kansa? Da ta zo neman gafara kuma sai ta tabbata so take ta rufe duk maganganunta ta tafi. Kowa ya yafe, saura ita. Shi ne ta riƙe.

"Mama, ni ce na hana ta tafiya, shi ya sa take shan wahala. In na faɗa za ta mutu. In ban faɗa ba ciwon ba zai bar ta ba. Yaya zan yi?"

Na kashe murhu. Wata biyar yarinya tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni ina zaginta da rashin tarbiyya! Na soma yi mata wa'azi, ajali ba ya gaba ba ya baya, ba a hannun kowa yake ba. Ta katse ni.

"Na sani, an koya mana a makaranta. Amma in fa gaskiya ne?"

Ni ma da nake da ilimin, da a ce wani zai nuna min zaren uwata, da hannu biyu zan riƙe. Na zaunar da ita a kan kujerar kicin na gaya mata abin da ban taɓa gaya mata ba, tambayar da Inna ta yi min a filin jirgi. Na ce, "Ke kina ganin riƙe ta kike yi. Ita kuwa tana can tana neman laifin da ta yi miki." Ta rufe fuska da hannu biyu. Da ta natsu sai ta ce in koya mata yadda ake faɗa daidai, ba ta son ta yi kuskure ko ɗaya.

Bayan la'asar muka kira. Yayana ya kara wayar kusa da fuskar Inna. Takwara ta ce, "Inna, na yafe miki duniya da lahira. Ba ki yi min komai ba. Ni ma ki yafe ni." Ni kuma na ƙarasa bayanin zaren, don ita ta kasa.

Sai muka ga kafaɗun tsohuwar na motsi. Dariya take yi.

"Ashe zarena kika riƙe, ja'ira? Ni ina nan ina ta tunani ko don na ce shayinki ruwa-ruwa ne." Ta huta, ta sake jan numfashi. "Na yafe miki. Ki ji nan, takwara. Mai riƙe da zaren nan ba ke ba ce, ba ni ba ce. Kin dai saki naki yau, ko? To ki sa ido. Duk safiyar da Allah ya nuna min, za ki ji ni."

Washegari saƙon murya ya shigo wayata bayan an idar da asuba a Zariya, lokacin Takwara tana aji. Kalma uku ne: "Takwara, ina nan." Jibi ma haka. Yarinyar da a da take rarumar tabilet, yanzu in ta shigo wayata take nema, ta saurara a tsaye da jaka a bayanta. Na sauko mata da tabilet ɗin da kaina, ta bar shi a kan tebur. Daga baya yayana ya gaya min akwai safiyar da sai sun ɗauki saƙon sau huɗu kafin muryar ta fito, kuma ko ruwa ba ta yarda a ba ta sai an tura.

Safiya goma sha tara muka samu. A ta ashirin, kiran yayana ne ya shigo maimakon saƙon. Ya ce Inna ta cika, da yadin nan aka yi mata sutura, a ninke suka same shi a ƙasan akwati yadda ta zo da shi.

Da Takwara ta dawo na buɗe mata ƙofa. Ta dubi hannuna ba waya, ta dubi fuskata. Na ga leɓenta na motsi, tana ƙirgawa.

"Kwana goma sha tara, Mama," ta ce da Hausa. "Ba ni ba ce."

Na ce, "Ba ke ba ce."

Sai a lokacin ta sauke jakar, ta zauna a ƙasa nan bakin ƙofa da takalmanta, ta yi kukan kakarta.