Babban Yatsan Mama

Shekarar da sojoji suka fara mayar wa farar hula mulki, ita ce shekarar da aka ce mu matan Arewa ma mu fito mu zaɓi shugabanni. Muna Kakuri a lokacin, Baba yana aiki a masaƙa, ni kuma na fara koyon ɗinki. Mama ta ɗauki zancen zaɓen nan kamar bikin 'yarta, har zanen zumuntar mata ta wanke ta ajiye.

Baba mutum ne mai rediyo da tsokana. Wata safiya ya ji labarin wata 'yar ƙaramar ƙasa a cikin duwatsun Turai, mai yarima da ƙaramar majalisa, wadda a cewarsa Kakuri ma ta fi ta mutane. Wai can maza kaɗai ke zaɓen majalisa.

Ya ce wa Mama, "Kin ji ko? Matan Turawa ma suna gida suna dahuwa, ke kina ta rawar kai."

Mama ta ce, "Kayya, bayin Allah." Daga ranar ta sa su cikin addu'a.

Ana jibi zaɓe ta je gonarmu ta Kakau yankan ciyawar awaki, lauje ya sare mata babban yatsan dama. Aka naɗe shi da tsumma ya yi kamar kan muciya. Ba ta yi kukan ciwo ba, kukanta ɗaya ne, da me za ta dangwala?

Ranar zaɓe, Baban nan mai tsokana shi ya goya ta a keke zuwa rumfar zaɓe a makarantar firamare, ni ina biye a ƙasa. Da layi ya zo kanta, malamin zaɓe ya dubi tsumman ya ce, "Ba komai, Mama, kawo na hagu."

Mama ta ɓoye hannun a bayanta. A gidanmu ko gishiri ba a miƙa wa mutum da hagu, balle abin da ta jira tun tana budurwa. Mutanen layi suka fara gunaguni, malamin ya ce in ba za ta yi ba ta matsa. Na ga ta juya za ta fita.

Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Uwargida, yi yadda kike min in hannunki na cikin ƙullu."

Ta tsaya jim. Sai ta dangwala da hagun, ta zo gaban akwati ta tallafe wuyan hannun da na dama mai ciwo, ta ɗan rusuna, ta ce wa akwatin, "A yi haƙuri da hagu." Aka yi ta dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini.

Bayan wasu shekaru Baba ya ji a rediyo an bar matan waccan ƙasar ta Turai su yi zaɓe. Mama ta riga ta rasu. Ya miƙe da rediyon a hannu ya nufi madafi yana cewa, "Uwargida, kin ji mutanenki?" A bakin ƙofa ya tsaya.