Shaidar Tsohon Maƙeri

Ni karatuna a aji shida ya tsaya, amma na iya karanta abin da aka cuce ni da shi.

Shekarar da 'yata ta fari ta nemi shiga makarantar jinya ta gwamnati, sai an ci jarrabawar da muke kira konkur. Kujerun an raba su yanki-yanki, mu 'yan arewa da namu kason. A rediyo kullum gardama: 'yan kudu na cewa ana ɗaukar daƙiƙai a bar masu ƙwaƙwalwa, namu na cewa 'yan kudun ne ke sayen takardar asalin arewa su cinye mana rabo. Ni duka biyun na yarda da su, don na san halin mutane.

Na kai takardunta ofis. Akawun ya duba takardar haihuwata, ya ɗago.

"Malam, babanka a Kano aka haife shi?"

"A Garwa. Cibiyarsa na binne a gidanmu."

"Nan Kano aka rubuta, Kano kuwa a ƙetaren iyaka take. Kason arewa na 'yan ƙasa ne."

Na san yadda aka yi. Babana ɗan fataken goro ne, kuma a gidanmu idan aka tambaye ka daga ina kake, asalin kakanni kake faɗa, ba ɗakin da aka yanke maka cibiya ba. Ranar da aka yi min takarda an tambaye shi, ya buga ƙirji ya ce Kano. Garin da bai taɓa sa ƙafarsa a ciki ba har ya mutu.

Akawun ya ce in kawo wanda ya ga haihuwar babana, ya shaida gaban alƙali kafin a rufe karɓar takardu. Sati uku.

Duk sun mutu sai mutum ɗaya: wani tsohon maƙeri, Kirista, mutumin dutse, da ya sauko Garwa yana saurayi ya zauna a zauren kakana. Yanzu yana unguwar Jambutu, nan Garwa. Matsalar, jikansa ma wannan konkur ɗin zai yi, a kasonmu.

Na same shi a kan tabarma.

"Baba, ka tuna ranar sunan babana?"

"Ina zan manta? Ni na riƙe ƙafar ragon. Kakanka marowaci, wuya kawai ya ba ni."

Muka yi dariya. Ya ce zai zo Litinin.

Litinin ƙafa na ciwo. Alhamis an yi mutuwa a cocinsu. Sati na biyu na tura masa mai babur, surukarsa ta ce ya fita. Tsohon da ba ya iya zuwa bayan gida sai da sanda! Matata ta ce in ji tsoron Allah, tsufa ne. Na ce tsufan da ya san kwanan wata.

Ranar ƙarshe na je da kaina.

"Baba, in don jikanka ne, faɗa min in huta."

Ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, bakinka irin na kakanka ne. Ɗauko min hulata."

Ya je, ya dangwala yatsa, ya faɗi har unguwar da ungozomar take. Amma hukuncin bai fito ba sai bayan kwana huɗu da rufewa. Akawun ya karɓi takardun, ya ajiye su a gefe, ya ce za a duba. 'Yata ta rubuta jarrabawar.

Da aka manna sunaye, jikansa na ciki. 'Yata ba ta ciki.

Ko makinta ne bai kai ba, ko takardun ne ba su bar gefen teburin ba, babu wanda ya gaya min. Ita ta ce lissafi ne ya kayar da ita. Wataƙila don ta rufe min baki ne.

Da tsohon ya mutu na je gaisuwa. Jikan, cikin farar rigarsa ta 'yan jinya, ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa. Ruwan da suka kawo dai ban sha ba.