Takin da Haliru Ya Janyo

A Fammar, in aka ambaci Haliru mai dankali, sai an yi murmushi tukuna. Gajere ne mai bakin tsiya, tun yana yaro ba ya bin hanya in akwai ratse. Gona ɗaya gare shi, ta gado, shi da ƙannensa biyu mazauna Kano. Gonar ta gaji har ciyawa ma sai ta yi shawara kafin ta fito. Ƙannen suka ce in bana ba ta yi abin kirki ba, sayarwa za a yi. A nan ubansa ya koya masa riƙon fartanya, don haka maganar ta tsaya masa a rai.

Takin zamani ya fi ƙarfinsa, ko akuya ba shi da ita. Amma maƙwabcinsa Alhaji Khalid ya sauki Ɗanmalam makiyayi, shanu na kwana a gonarsa da rani suna zuba masa taki, shi Alhajin yana biyansa da dawa. Haliru ya sayo kanwa, ya cuɗa da dusa, ya riƙa barbaɗawa a tasa gonar. Saniya kuwa in ta ji kanwa, ko sanda ba ta ji. Safe da yamma sai garken ya ratse, ya yi lasa, ya bar tukwici.

"Malam Haliru, me shanuna ke nema wajenka?" in ji Ɗanmalam.

"Farin jini ne, daga Allah."

Lubabatu, matar Haliru, ta ce, "Malam, takin nan ya yi wa dankali yawa. Sa masara bana, dankali baɗi."

"Baɗi wa ya san gonar wa ce?"

Damina ta sauka, ya dasa abinsa. Ganye ya rufe gona kore shar, masu wucewa har tsayawa suke yi, Haliru na tafiya da ƙyar don alfahari. Ranar haƙa ƙannen suka zo. Ashe dankalin duk a ganye ya ƙare, ƙasa kuwa 'yan sirara kamar yatsu. Ya haƙa nan, ya haƙa can, duk haka suke.

Sai Alhaji Khalid ya leƙo, shi da a da ko kyauta ba ya son gonar. Ya damƙi ƙasar, baƙa mai laushi, ya murza.

"Ai ta farfaɗo," ya ce wa ƙannen. "In har yanzu kuna sayarwa, ina so."

Haliru ya zauna a ƙasa da fartanya a hannu.