Yatsan Da Ya Ƙi Kama Tawada

Edita, a shekarun da ake yaƙin basasa ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai a unguwar Sabo ta Ibadan, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Na gama firamare a Arewa, ina jin Turanci, na tsinci Yarbanci a bakin 'yan kasuwar Mokola. A cikin fataken goro kuwa, a wancan lokaci, wanda ya iya riƙe biro sarki ne. Maigidan da nake zaune a ƙarƙashinsa ya ɗauke ni akawu kuma tafinta, duk takardar da ta shigo gidan sai ta bi ta hannuna. Ban taɓa faɗa wa kowa abin da na yi da wannan ɗan ilimin ba, har matata ta rasu ba ta sani ba. Yanzu da tsufa ya kama ni, na ga gara in faɗa.

A gidan akwai wani dattijo mai ɗaurin huhu, kowa Baba yake ce masa. Aikinsa wanke goro, da tsince shi, da shimfiɗa ganyen fita a naɗe goron a ciki, a ɗaure da igiya yadda zai kai Kano bai bushe ba. Ya fi shekara talatin yana yi wa wasu wannan aiki. Ranar da na sauka Sabo ban san kowa ba, shi ya ba ni gefen tabarmarsa, muka ci tuwo kwano ɗaya har wata biyu. Laifinsa ɗaya a wurina, bakinsa ba ya ɓoye abu. Wata rana na gwada ɗaure huhu don in burge baƙi, ya zo ya ja igiyar da yatsa ɗaya, goro ya watse a ƙasa. Ya ce Malam akawu ya koma wa bironsa, hannun da bai taɓa yin kanta ba ba ya ɗaurin goro. Aka yi dariya aka manta, ni kuwa na riƙe abin a zuciya.

Da yaƙi ya yi zafi, motoci suka yi wuya, taragon jirgin ƙasa ma sai mai hanya. Sai aka ce ofishin gwamnati mai kula da ƙungiyoyin gama-kai yana taimaka wa duk ƙungiyar da ta yi rajista ta sami tarago. Maigida ya tara ƙananan 'yan kasuwar gidan aka kafa ƙungiya, aka naɗa ni magatakarda. Sharaɗin shi ne, wanda sunansa ke cikin rajista shi kaɗai ke da wuri a tarago, wurin kuma ba shi da yawa. A shekarar ne Baba ya sayi goro na kansa, karo na farko a rayuwarsa, huhu uku. Ya ce zai bi su Arewa ya sayar, ya koma ƙauyensu ya ƙarasa kwanansa kusa da 'yarsa, ya gaji da zaman Kurmi, wato Kudu. Ni ma ina da goron da na saya a ɓoye, kuma na san idan Baba ya shiga, nawa ba zai sami wuri ba.

Ranar rajista sufeton ofishin ya zo da kansa, wani Bayarabe mai gilashi, mutum mai natsuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a zauren maigida bayan sallar azahar, kowa ya zo ya dangwala babban yatsa a gaban sunansa. Da aka zo kan Baba, ya danna yatsa a tawada ya danna a takarda, sai ga baƙin tabo kawai, babu zane ko ɗaya. Igiya da ruwan goro sun cinye fatar yatsan, ta yi sumul kamar bayan cokali. Sufeto ya ce a sake, aka sake, haka dai. Ni ne na kama hannunsa na riƙa gwada yatsun ɗaya bayan ɗaya har goma, ina ɗaga takardar sama kowa ya gani. Na ce ashe hannun da ya yi kanta ma akwai inda ba ya aiki. Zauren ya ɗauki dariya, Baba ma ya yi ta yaƙe yana goge hannu a rigarsa.

Sufeto bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni ya yi magana da Turanci, da a ce da Yarbanci ya yi, da rabin zauren sun ji. Ya ce wannan ba komai ba ne, suna yawan gani a wurin manoma da masu aikin hannu, mutum biyu daga cikin ƙungiya su shaida cewa shi ne, a cike wata 'yar takarda, shi ke nan ya zama mamba. Ya zaro takardar ya ba ni, ya ce in aika masa idan an cike. Baba ya dube ni ya ce, ɗana, me Oga ya ce? Na ninke takardar na sa a aljihu. Na ce masa Oga ya ce dokar gwamnati ba ta san mutumin da ba shi da zanen yatsa ba, sai ranar da zanen ya dawo. Wallahi ko muryata ba ta yi rawa ba.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Washegari ya same ni ya tambaya ko zanen yana dawowa. Na ce ƙwarai kuwa, ya daina taɓa ruwa da igiya, ya shafa man kaɗe ya naɗe da tsumma, cikin 'yan makonni zai gani. Ni dai so nake ya ƙyale ni har tarago ya tashi. Bawan Allah ya ɗauki maganata kamar ta likita. Ya ajiye aiki, abincinsa ya koma abin da maƙwabta suka miƙo. Duk wanda ya san goro ya san ba a barinsa haka nan, sai ana buɗewa ana tsince wanda ya fara lalacewa, ana sake ganye ana yayyafa ruwa. Baba ya fi kowa sanin wannan, amma ya ƙi taɓa huhunansa don kada yatsa ya ɓaci, kuma bai yarda da hannun kowa a kan goronsa ba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya zo ya kwance tsumman a gabana, ya ce Malam akawu duba mini, idona ba ya gani sosai. In kama yatsan in juya shi a rana, in ce saura kaɗan Baba, a ƙara mako guda.

Tarago ya tashi da gorona a inda nasa ya kamata ya zauna. Bayan mako bakwai maigida ya matsa aka buɗe huhunan Baba a tsakar gida. Sankara, cutar goro, ta gama da su, goron ya yi baƙi, kana matsawa yana rugujewa. Ina tsaye a wurin. Baba ya tsuguna ya kwance tsumman da kansa, ya sa hannu yana tonawa ko zai sami na kirki, abin da ya tsinta bai cika ƙwarya ba. Bai yi kuka ba, sai salati yake yi a hankali. Masu dariyar ranar rajista kowa ya sunkuyar da kai ya zame.

Bai ƙara wata guda a Sabo ba. Jikinsa ya saki, ya ce ko da hannu wofi gida zai tafi. Aka roƙi wani direban motar shanu da zai koma Arewa ya ɗauke shi a baya, muka raka shi tashar mota ta Ojoo mu huɗu. Kafin ya hau ya riƙe hannuna a gaban mutane, ya ce su shaida yaron nan ya yi masa iyakar ƙoƙarinsa, kowace Juma'a bai taɓa gajiya da duba masa yatsa ba. Ya ce in yafe masa maganar da ya taɓa faɗa mini a kan ɗaurin huhu, ya san ta yi mini zafi. Ya sa mini albarka, ya ce Allah Ya ba ni 'ya'yan da za su yi mini yadda na yi masa. Na ce amin, don babu abin da zan iya cewa sai amin.

Da sufeto ya dawo duba ƙungiya a ƙarshen shekara, ya tambaye ni ina dattijon nan, bai ga takardarsa ba. Na ce ya fasa, ya koma gida. Ya ce kayya, ai ya bar masa gurbinsa a rajista bai cike ba. Daga baya na aika cigiya ƙauyen su Baba, aka ce ya isa, amma bai ga damina ba.

Na yi arziki daidai gwargwado, na haifi 'ya'ya, kuma duk lokacin da ɗayansu ya karanta mini takardar asibiti ya ce mini ba komai Baba, sai gabana ya faɗi, in tuna addu'ar da na amsa da bakina. Na yi istigfari, na yi sadaka da sunansa, amma wanda zai yafe mini ya tafi yana ganin ni mutumin kirki ne. Ku da kuke tsayawa tsakanin ofis da mutanen da ba su iya karatu ba, magatakardan ƙungiyoyi da tafintoci, ku ji tsoron Allah, ku faɗa musu abin da aka ce yadda aka ce shi. Ku kuma iyayena da 'yan'uwana da ba ku yi boko ba, kada kunya ta hana ku neman mutum na biyu ya sake karanta muku. Baba bai nemi na biyu ba, saboda ni ya ɗauka ɗansa.