Ranar da Na Auna Jinin Yaya

Ni ce 'yar boko a gidanmu na Daura, kuma a lokacin ina ji da kaina. Ina koyarwa a firamare, na sayi na'urar awon jini saboda Inna, mahaifiyarmu, mai fama da hawan jini. Daga nan matan unguwa suka laƙaba mini “likita”, ni kuma ban taɓa cewa a'a ba.

Yayana dillalin tumaki ne, kowace Lahadi yana kasuwar Mai'adua. Ga taurin kai, ga son barkwanci. Wata Lahadi ya dawo kafin azahar, riga duk ƙasa, ya ce babur ne ya zame da shi a yashi, gefen kansa ya bugi dutse. Ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya ta da babur da kansa ya taho. Ba jini, sai ɗan kumburi a saman kunnen hagu. Muka yi masa barka da arziki, ya sha fura, har yana tsokanata wai ko likita za ta yi masa allura.

Bayan azahar ciwon kai ya sako shi gaba. Amai ya feso masa ba shiri. Da ya miƙe zai wanke baki, sai tangaɗi. Na ce a je asibiti, amma ba da ƙarfi na faɗa ba.

“Ke, rufa mini asiri,” ya ce. “A wannan zamani na Shari'a in fita titi ina layi? Kafin la'asar gari ya ɗauka na sha wani abu.”

Muka yi dariya. Na ɗauko na'urata na ɗaura masa, ta nuna lambar da ban taɓa gani ba ko a hannun Inna. “Jini ne ya hau, Inna,” na ce, “firgitar faɗuwa ce.” Na ɓallo ƙwayar Inna guda biyu na ba shi, na cire matashin kai na kwantar da shi sosai. Da na taɓa wuyan hannunsa na ji bugun yana tafiya a hankali, ɗaya bayan ɗaya, sai na ce zuciyarsa ta kwanta. Barci ya ɗauke shi, yana minshari, numfashin ya tsaya ya dawo. Na zauna a bakin ƙofa ina sallamar masu zuwa jaje, ina cewa a bar shi ya huta. Har kawunmu na mayar, wanda ya zo da mota.

Matarsa ce ta shiga ta tashe shi sallar la'asar, bai motsa ba. Ta buɗe masa ido ta kira ni. Baƙin idonsa na hagu ya buɗe ya yi faɗi, na dama kuwa ƙarami.

A asibiti likita ya haska idon da tocila, ya tambaye ni abin da ya faru, na faɗa masa duka. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce wata jijiya ce ta tsinke a cikin kai, jini yana taruwa. Ƙoƙon kai rufaffe ne kamar tukunyar da aka liƙe, ba inda zai buɗa, sai jinin ya danne ƙwaƙwalwa. Shi ne jiki yake ƙara ƙarfin jini da gangan, don ya samu ya kai mata abin da take buƙata. Zuciya ta rage gudu, numfashi ya rikice, barci ya zo. Wato duk abin da na karanta a matsayin sauƙi, jikin Yaya ne yake kokawa, ni kuma na ba shi maganin da zai karya masa gwiwa.

“Ni na kashe shi ke nan?” na ce.

“Bai mutu ba tukuna, Malama. Kuma ba ƙwayar ce babba ba. Sa'o'in nan da ya yi a kwance, su muke nema yanzu.”

Ya ce sai Kano, inda za a buɗe kan a fitar da jinin. Motar kawun nan da na mayar ita muka shiga, kan Yaya a cinyata. Mun wuce Kazaure da kaɗan numfashin ya tsaya, na jira ya dawo kamar ɗazu. Kawu ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, na kuma yarda da haka. Amma ban daina jin zafin abin ba, kuma ban taɓa faɗa wa Inna maganar likita ba. A zaman makoki, duk wadda ta shigo sai Inna ta kamo hannuna ta nuna mata ni.

“Wannan ce ta tsaya a kansa,” take cewa. “Ko ƙuda ba ta bari ya dame shi ba. Allah ya yi mata albarka.”

Mata su ce amin, ni ma in ce amin.