Baban Gauraka Ya Ajiye Aiki

Shekara ashirin da tara, kafin rana ta yi zafi, za ka same shi a bakin fadama, takalmin roba a ƙafa, tsohon madubin hangen nesa a wuya, yana ƙirga gauraki yana rubutawa a ɗan littafin da raɓa ta kumbura. Malamin daji ne. Abokan aiki suka laƙaba masa Baban Gauraka don tsokana, sunan ya bi shi har gida. Mai ɗakinsa takan ce da ita ma za ta tsiro tukku da fukafukai, wataƙila ya riƙa tambayarta yadda ta kwana.

A shekararsa ta farko ya ƙirga ɗari uku da 'yan kai. A ta goma, saba'in.

Ni magatakardan kotu ne, a can na san shi. Wata Talata ya shigo da wani dillalin tsuntsaye da buhu biyu. Da aka kwance, gauraki bakwai ne, an karya musu fukafukai, an ɗaure bakunansu da roba, biyu sun riga sun mutu. Masu hali ke saye su ajiye a farfajiyar gida don ado. Alƙali ya buɗe jerin dabbobin da doka ta hana kamawa, ya bi da yatsa har sau biyu. Akwai giwa, akwai zaki, babu gauraka. Ya cire tabarau ya ce ba shi da abin yi. Ya sallami mutumin, ya ce a mayar masa da kayansa. Dillalin ya dubi malamin daji yana murmushi.

"Baba, ɗan kama mini buhun nan mu kai mota."

Ya kama masa. Abin ya tsaya mini a rai, na tambaye shi dalili. Ya ce ya ga mutumin zai ja buhun a ƙasa ne, ga kuma masu sauran numfashi a ciki.

Daga ranar ya duƙufa rubuta takardun roƙon a sa gauraka cikin jerin. Ni na buga masa da yawa, tun a keken rubutu har muka koma kwamfuta. Amsa ba ta wuce: ana dubawa. An kafa kwamiti. Shugaban kwamitin ya rasu. Fayil ya ɓata wajen canza ofis, a sake aikowa. Wani babba ma cewa ya yi ba a gama da matsalar mutane ba, balle tsuntsu. Sa'o'insa suka yi ta samun ƙarin girma, shi yana nan a fadama.

Baba, kai ne ka bi manoman bakin ruwa gona-gona, kana lallashinsu su bar ciyawar da ke rufe sheƙa har ƙwai ya ƙyanƙyashe. Kai ne masu tarko suka fasa wa goshi, ka dawo aiki da bandeji washegari. Ba bindiga a hannunka, ba doka a bayanka, sai bakinka da ƙafafunka.

Bana aka sa hannu a sabuwar doka, saura wata biyu Baban Gauraka ya yi ritaya. Gauraka ce ta arba'in da ɗaya a sabon jerin. Wanda ya kama ta ɗauri ne. Amma damina huɗu ke nan rabon fadamar da gauraka. Ta ƙarshe ita kaɗai ce, an kama mijinta, ta yi kusan wata tana kewaye ruwan tana kira, sannan aka daina jin ta.

Da kaina na kai masa kwafin gida. Ya karanta a zaune a ƙofar ɗaki, jikarsa na wasa da igiyar takalminsa, ya naɗe takardar a hankali.

"To, yanzu wa za mu kare da ita?"

Can ya tambaya ko an sa ungulu a ciki. Na ce babu. Ya ce in ara masa biro.

Mun gode, Baba. Ba ka ci nasara ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar ta'aziyya ba. Mu ne muka makara, ba kai ba. Allah Ya saka maka, Ya huta gajiyarka.

Ku kuma masu fayil a kan tebur, ku ari ko rabin nacin bawan Allahn nan. A bayan mahautar da ungulaye ke rufe bishiya muna yara, goma sha ɗaya suka rage makon jiya. Sabuwar takardarsa tana gaban ɗayanku. Ku buɗe ta yau.