Ranar da Hajiya Ta Koma Bayan Sojojin Kudu

Abubuwa da yawa da na gani a zamana na London sun riga sun bi iska, amma ranar da na kai mahaifiyata kallon yaƙin Amurka ba na jin za ta fita daga raina, ko da tsufa ya tafi da sauran.

Lokacin ina aikin jinya a wani asibiti a Whitechapel, muna zaune a Stratford ni da maigidana da 'yarmu tilo mai shekara goma sha biyar. Hajiya, wato mahaifiyata, ta zo daga Kano a duba mata ido, ta daɗe a wurinmu. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsakaninta da jikarta babu komai sai gaisuwa. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Hajiya ta ce, “Ƙawata, kin tashi lafiya?” Ita kuma ta ce, “Fine, Hajiya,” ta shige ɗaki. Ni ce tafinta a tsakani, kuma tafinta mai gyare-gyare. In yarinyar ta ture tuwo ta ce ba ta son warin daddawa, sai in ce wa Hajiya, “Ta ce ta ƙoshi.” Ga tafiyar Hajiya ta matso, kuma da shekarunta na san ba lalle ne su sake haɗuwa ba. Tsoron da nake yi shi ne su rabu ba su san juna ba.

Ana haka aka ba yarinyar aiki a makaranta kan yaƙin basasar Amurka, malaminsu ya ce akwai wasu da suke kwaikwayon yaƙin a wani fili bayan gari, mai hali ya je ya gani. Na ce madalla, ga dalilin fita mu uku. Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa a Charing Cross, Hajiya rungume da jakarta, wadda ba ta rabo da dambun nama.

Da muka isa sai muka tarar da fili cike da tantuna farare, hayaƙi yana tashi ta ko'ina. Turawan Ingila ne, yawancinsu dattawa da suka yi ritaya, sun sa kayan sojan da, wasu shuɗaye wasu ruwan toka. Matansu sun sa manyan riguna masu jan ƙasa suna girki a murhu. Hajiya ta tsaya tana kallo, ta ce, “Yaƙin nasu ne?”

Na ce, “A'a, na Amurka ne.”

Ta ce, “To su ba su da nasu ne, sai sun ara?” Ta dubi wata mata da hayaƙi ya sa ta hawaye tana fama da ɗanyen itace, ta girgiza kai. “Allah ya ba mutum gas da lantarki, ya biya kuɗin mota ya zo daji yana hura wuta. Ƙoshi dai bai yi ba.”

Ta tambaye ni su wa da wa ke faɗan. Na ce mata masu shuɗi su ne Arewa, masu ruwan toka Kudu. Da ta ce a kan me, sai na ce rigimar ƙasa ce kawai. Maganar bayi, waɗanda Kudu ke yaƙi don ta ci gaba da riƙe su, na tsallake ta, kamar yadda na saba tsallake duk abin da zai ja dogon zance. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, “To ai mu 'yan Arewa ne. Mu je mu gaida mutanenmu.”

Sai dai mutanen namu ba su san da zuwanmu ba. Suna can a jere, wani mai jan gemu yana daka musu tsawa, suna ɗaga bindiga suna saukewa. Hajiya ta yi sallama, ta sake yi, ko kallo ba ta samu ba. Ga ƙafa tana damunta. Muka ja jiki muka wuce, hanya ta bi da mu ta gaban tantunan masu ruwan toka. Nan wani dattijo mai ƙaton ciki ya hango ta tana ɗingishi, ya miƙe da sauri, ya cire hula ya rusuna, ya ce, “Ma'am,” ya ɗauko kujerarsa ta katako ya ajiye mata a inuwa. Matarsa ta kawo mata shayi a moɗa. Daga baya na ji ashe tsohon mai gyaran famfo ne, bai taɓa taka Amurka ba, amma yana ta karya harshe irin na Amurkawa.

Shi ke nan, Arewa ta yi asarar Hajiya. Ta buɗe jaka ta zuba musu dambun nama, suka ci suna santi, yaji yana sa su tari. Ta ce da ni, “Wannan shi ne mai masaukina. Waɗancan marasa gaisuwa, Allah ya shirye su.” Na dubi 'yata, na ga fuskarta ta haɗe. Ta ja gefe can nesa da tutar Kudu da ke kan tantin, ta harɗe hannu, ta ƙi karɓar ko ruwa.

Da lokacin yaƙi ya yi aka tara 'yan kallo bayan igiya. Mai masaukin Hajiya da kansa ya ɗauko mata kujerar ya kawo gaba. Aka fara harba igwa, warin albarushi ya cika wuri, sojoji suna faɗuwa. Na lura duk wanda zai mutu sai ya lallaɓa ya kai gindin bishiya tukuna, babu mai yarda ya mutu a rana. Wata gawa ma na gan ta tana gyara tabarau. Hajiya kuwa ta shiga yaƙin gadan-gadan. “Ku matsa mana! Allah ya ba ku sa'a a kansu! Kai, mai masaukina, rage cikin nan ka yi gudu!” Duk sanda mai shuɗi ya faɗi sai ta tafa. Kusa da mu akwai wasu baƙaƙen fata da 'ya'yansu, suka juyo suna kallon tsohuwa baƙa wuluk tana yi wa sojojin masu bayi addu'a. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

'Yata ta matso, ta roƙe ni in hana Hajiya, in gaya mata a kan me suke yaƙin, ta ce, “Mum, tell her to stop. Tell her what they were fighting for.”

Hajiya ta ce, “Me ƙawata take cewa?”

Na ce, “Ta ce rana ta yi zafi, mu koma inuwa.”

Na manta, ko in ce na saba mantawa, cewa yarinyar tana jin duk abin da nake faɗa. Ta yi mini wani kallo da har yau nake jin kunyarsa. Sannan ta durƙusa gaban kujerar, ta buɗe baki da wata Hausa gurguwa wadda ban taɓa jin ta daga bakinta ba. “Hajiya, ba haka na ce ba. Waɗannan, suna sayar da mutum. Baƙin mutum. Kamar ni, kamar kai. Shi ya sa yaƙi.”

Hajiya ta sauke hannun da take tafi da shi. Ta dubi filin, ta ce, “Bayi kike nufi.” Yarinyar ta gyaɗa kai. Na zaci Hajiya za ta tashi ta bar kujerar. Sai ta kamo hannun jikarta ta ce, “Zauna nan, in gaya miki wani abu. Kakata, wadda ta haifi babana, a kasuwa aka saye ta. Tana yarinya kamar ke aka kamo ta daga garinsu, da igiya a wuya. Na san ta, a ɗakinta nake kwana. Tsagen fuskarta ba irin namu ba ne, kuma in ta ji haushi da wani yare take faɗa, ba mai ji.”

Na ce, “Hajiya, ba ce mana aka yi daga gabas aka auro ta ba?”

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, “Haka ake cewa, don ku samu mazan aure.” Ta ci gaba da yarinyar. “Wanda ya saye ta kuma, ya sa ta a ɗaka, shi ne kakana. Malami ne, mutumin kirki in ji kowa, har yau ana sa wa yara sunansa. To ƙawata, mai saye da wadda aka saya duk suna cikin jinina, suna cikin naki. Wane tanti kike so in zauna?”

Igwa tana ta tashi, amma ni ban ƙara jin ta ba. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, kuma sai a wani fili a ƙasar Ingila, tsakiyar masu gyaran famfo da suka yi shigar soja, na ji asalina. Na sha zama da yarinyar nan ina ba ta labarin yadda Turawa suka kwashi mutane a jiragen ruwa, ina magana kamar mu dai hannunmu fes yake.

Yarinyar ta ce, “What was…” Na buɗe baki zan fassara, ta ɗaga mini hannu. “Mene ne sunanta?”

Hajiya ta ce, “Sunan da ya sa mata muka sani. Nata na gidansu, wanda uwarta ta kira ta da shi, ban taɓa tambaya ba. Babu wanda ya tambaya. Da shi ta tafi.” Nan na ga hawaye a idon da muka sha wahalar gyarawa, yarinyar ma ta kifa kai a cinyarta.

Can aka busa ƙaho, Arewa ta ci, gawawwaki suka miƙe suna kakkaɓe wando, jama'a suna tafi. Na ce mu kama hanya. Hajiya ta ce ina, ba za ta sha shayin mutum a ci shi da yaƙi ta tafi ba ta yi masa jaje ba. “Waɗanda yake kwaikwaya azzalumai ne, na ji. Amma shi kujera ya ba ni.” Muka koma tantin, ta ce masa sannu, Allah ya kiyaye gaba. Wannan karon jikarta ce ta fassara, ba ta rage ko kalma ba. Mutumin ya yi dariya ya ce kada ta damu, gobe shi ɗan Arewa ne, don masu shuɗi ba su cika ba, rigar ma tana bayan motarsa. Da aka gaya wa Hajiya sai ta yi murmushi ta ce, “Shi ya huta, tasa rigar cirewa ake yi.”

A jirgin komawa babu wanda ya neme ni. Su biyu suka haɗa kai, yarinyar tana tambaya da Hausarta mai karkacewa, Hajiya tana yi mata dariya tana ba ta amsa. Haka suka ci gaba har ranar da muka raka ta filin jirgi. Hajiya ba ta sake dawowa London ba, Allah ya yi mata rasuwa bayan shekara biyu. Abin da aka sani game da waccan baiwar Allah a danginmu yanzu, a wurin 'yata ake tambaya.

Darasin da na ɗauka bai yi mini daɗi ba. Na yi ta ɗora laifin nisansu a kan Turanci da zaman Turai, ashe ni ce nake tsaye a tsakani ina tace magana don kada ran kowa ya ɓaci. Tun daga ranar, in tsoho da yaro suna magana, nakan ja bakina in bar su su ji abin da kowa ya faɗa, ko da mai ɗaci ne.